Yadda Marubucin Soyayya A Gashuwa Ko Nguru Zai Fitar Da Littafinsa Ba Tare Da Dillalin Adabi Ba

Duk wanda ya kammala rubuta labarin soyayya a Gashuwa ko Nguru, ya kuma shiga intanet neman hanyar da labarin zai bi ya zama littafi, shawarar farko da zai ci karo da ita ita ce ya nemi dillalin adabi. Shawarar ba ƙarya ba ce, sai dai an tsara ta ne domin marubutan Landan da New York. A ƙasar Hausa kuwa, littattafan soyayya sun shafe kusan shekara 40 suna fitowa, ana saye ana karantawa, ana aro ana ba da aro, ba tare da an san irin wannan dillali a harkar ba. Amma rashin dillali bai kawar da aikinsa ba. Aikin yana nan, ya koma kan marubucin ne, kuma yawancin asarar da marubuta ke tafkawa daga rashin sanin wannan take tasowa.

Dillalin adabi mutum ne da yake tsayawa tsakanin marubuci da kamfanin ɗab'i. Shi yake karanta daftarin labari, ya ba da shawarar gyara, ya kai shi ga editocin da ya san suna neman irinsa, ya yi cinikin kuɗi, ya duba yarjejeniya, ya kuma bi sawun kuɗin idan sun makale. Ba a biyansa tun farko. La'adarsa yake cira daga abin da marubucin ya samu, galibi kashi 15 cikin 100 a Ingila da Amurka. Sana'ar ta kafu a Landan tun ƙarshen ƙarni na 19, inda ake ambaton A. P. Watt a matsayin wanda ya fara mayar da ita kasuwanci. Dalilin da ya sa ta yi ƙarfi a can shi ne manyan kamfanonin ɗab'i ba sa karɓar daftari kai tsaye daga hannun wanda ba su sani ba.

Ko a can ɗin ma, soyayya ta daɗe tana da ƙofarta daban. Kamfanin Mills & Boon da aka kafa a Ingila a 1908, da Harlequin da aka kafa a Kanada a 1949, waɗanda suka zama abu ɗaya a 1971, sun yi suna wajen karɓar labari kai tsaye daga marubuta. Suna fitar da littattafai masu yawa kowane wata, don haka kullum a buƙatar sababbin hannu suke. A nan gida, kamfanin Cassava Republic da ke Abuja ya buɗe sashen littattafan soyayya mai suna Ankara Press a 2014. Sai dai duk waɗannan da Turanci suke aiki. Wanda ya yi rubutunsa da Hausa, tarihin da ya shafe shi a Zariya da Kano yake.

Daga gasar 1933 zuwa kasuwar Kano

Ƙagaggen labarin Hausa na boko a hannun hukuma ya fara. A 1933 Rupert East na Hukumar Fassara ya shirya gasar da ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da shi East ɗin. Daga nan aka yi Kamfanin Gaskiya a 1945, aka yi NORLA a shekarun 1950, sannan aka kafa NNPC a Zariya a 1966, wato kamfanin ɗab'i na Arewa, ba na man fetur ba. A duk tsawon wannan lokaci ƙofa ɗaya ce. Hukuma ko kamfani ne ke zaɓen abin da za a buga, kuma idonsu yana kan littafin da makarantu za su saya.

Ta wannan ƙofar So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed ya fito a 1980, bayan wata gasa ta NNPC, tare da Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina da Amadi Na Malam Amah na Magaji Ɗambatta. Littafin Hajiya Hafsat shi ake ɗauka a matsayin ƙagaggen labarin Hausa na farko da aka buga wa mace, kuma labarin soyayya ne. Ya nuna cewa akwai masu karatu da ke jiran irinsa.

Abin da ya biyo baya shi ne tattalin arziki ya karye. Tsarin tsuke bakin aljihu na 1986 ya rage darajar Naira, takarda ta yi tsada, kamfanonin ɗab'i suka janye jiki suka koma ga littattafan makaranta da suke da tabbacin ciniki. A daidai wannan lokaci kuma yaran da shirin ilimin firamare na bai-ɗaya na 1976 ya shigar makaranta suka girma, suna iya karanta Hausa, ba su kuma da abin karantawa da ya yi kama da rayuwarsu. Sai marubuta suka daina jira. Talatu Wada Ahmed ta fitar da Rabin Raina a tsakiyar shekarun 1980. Balaraba Ramat Yakubu ta fitar da Budurwar Zuciya a 1987, da Alhaki Kwikwiyo Ne a 1990. Ado Ahmad Gidan Dabino ya fitar da In Da So Da Ƙauna a farkon shekarun 1990, littafin da ya zaga Arewa har ya ƙetara Nijar. Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa ta zo da Allura Cikin Ruwa. Waɗannan mutane su ne marubutan, su ne masu neman kuɗin bugu, su ne kuma masu kai kaya kasuwa.

Ba kowa ya yi shi kaɗai ba, kuma wannan ya kamata matashin Yobe ya lura da shi. Ƙungiyoyi irin su Raina Kama da Kukan Kurciya sun yi wa mambobinsu rabin aikin dillali: a karanta wa juna daftari, a nuna wa sabon shiga maɗaba'ar da ba ta cuta, a tallata littafin wani a bayan littafin wani. Malamai sun yi ta muhawara a jaridu kan darajar wannan rubutu. Ibrahim Malumfashi ya kira shi Adabin Kasuwar Kano, yana kwatanta shi da na kasuwar Onitsha, su Abdalla Uba Adamu da Yusuf Adamu kuma suka kare shi. Muhawarar ba ta hana komai ba. Alhaki Kwikwiyo Ne, wanda marubuciyarsa ta fitar da kanta, shi ne Aliyu Kamal ya fassara zuwa Turanci, kamfanin Blaft na birnin Chennai a Indiya ya buga shi a 2012.

Gyara kafin bugu

Aikin dillali na farko shi ne ya ce wa marubuci labarinka bai nuna ba tukuna. Wanda ba shi da dillali dole ya nemo mai gaya masa wannan magana, kuma ba a cikin ƙawaye ko abokan da suke jin nauyinsa zai same shi ba. Gyara iri biyu ne, bai kamata a haɗa su ba. Na farko gyaran labari ne: ko akwai dalilin da ya hana masoyan nan biyu haɗuwa wanda mai karatu zai yarda da shi, ko kishiyar da aka kawo mutum ce ko kuwa dodo ce kawai, ko wanda aka ce ya tafi Maiduguri a babi na uku ya dawo a babi na bakwai ba tare da bayani ba. Na biyu gyaran rubutu ne, kuma a nan littattafan soyayya suka fi shan suka, da gaskiyar masu sukar.

Matsalolin sanannu ne. Ana haɗe kalmomin da ya kamata a raba, a raba waɗanda ya kamata a haɗe, a rubuta "yace" a maimakon "ya ce", a rubuta "motar sa" a maimakon "motarsa". Ana watsi da haruffa masu ƙugiya, sai "ƙafa" ta koma "kafa", "ɓata" ta koma "bata", ma'ana ta rikice. Ana cusa Turanci a inda Hausa ke da kalmarta. Yawancin masu rubutu a yau a waya suke yi, kuma allon rubutu na wayoyin zamani yana da tsarin Hausa mai ɗauke da ɓ da ɗ da ƙ, sai dai mutum ya kunna shi. Wanda ya bari sai a maɗaba'a za a gyara masa, ya sani cewa mai tsara shafi ba edita ba ne, kuma ba a biya shi don ya karanta ba.

A nan marubucin arewacin Yobe yana da gata a kusa da shi. Gashuwa tana da Jami'ar Tarayya da aka kafa a 2013, tana da Kwalejin Ilimi ta Umar Suleiman, Nguru ma tana da kwalejinta, ga malaman Hausa a makarantun sakandare. Samun wanda ya san ƙa'idojin rubutu ya duba shafi 150 a kan kuɗin da aka yi yarjejeniya a kansa ya fi sauƙi fiye da yadda ake zato. A biya shi, a kuma sa ranar karɓa. Gyaran alfarma shi ne wanda yake kwana wata shida a cikin jaka.

Akwai kuma batun harshe da ya keɓanta da yankin. Hausar Gashuwa da Nguru ta zauna da Badanci da Barbarci da Fulatanci, tana da kalmominta da lafazinta. Edita mai hankali zai daidaita rubutun mai ba da labari da daidaitacciyar Hausa, ya bar bakin taurarin labarin yadda yake. Kasuwar ta cika da labaran da suke faruwa a Nasarawa ta Kano da Maitama ta Abuja, cikin manyan motoci da gidajen bene, waɗanda sau da yawa marubutansu ba su taɓa shiga ba. Labarin soyayyar ɗan masunci a bakin kogin Yobe, ko na 'yar mai sayar da busasshen kifi a kasuwar Nguru, ko na ɗalibar da ta zo karatu daga Kudu, abu ne da marubucin Kano ba zai iya rubutawa kamar ɗan gari ba. A ganin mai wannan rubutu, wannan shi ne jari mafi tsada da marubucin yankin yake da shi, kuma shi ne wanda ya fi saurin yarwa.

Lissafin maɗaba'a

Dole a bambance maɗaba'a da kamfanin ɗab'i. Kamfanin ɗab'i shi ke zuba kuɗinsa, ya ɗauki hatsarin asara, ya biya marubuci kaso daga ciniki, wanda a al'ada yakan kama kusan kashi 10 cikin 100 na farashin littafi. Maɗaba'a kuwa aiki ake ba ta, a biya ta, ta miƙa kaya. Wanda ya ce shi kamfanin ɗab'i ne, amma ya nemi marubuci ya biya kuɗin bugu gaba ɗaya, sannan kuma ya nemi kaso a ciniki ko mallakar labarin, ya ci riba biyu ke nan a kan jarin wani.

Kuɗin bugu kashi biyu ne. Akwai wanda ba ya canzawa ko kwafi nawa za a buga: gyara, tsara shafi, zanen bango, da farantan bugu. Akwai kuma wanda yake ƙaruwa da kowane kwafi: takarda, tawada, ɗinki da yanka. Injin bugu ba shafi ɗaya-ɗaya yake bugawa ba, babbar takarda yake ɗauka mai shafuka da yawa, a naɗe a yanka, shi ya sa ake so adadin shafukan littafi ya rabu da 16 ko 8. Littafi mai shafi 160 ya cika lissafi, mai shafi 163 kuwa zai sa a biya kuɗin fararen shafukan da ba a rubuta komai a kansu ba.

A ɗauki misali da alƙaluman da aka ƙaddara don bayani kawai, domin farashin gaske sai an je an tambaya. A ce kuɗin da ba ya canzawa Naira 200,000 ne, kowane kwafi kuma yana cin Naira 400. Wanda ya buga kwafi 500 zai kashe Naira 400,000, kowane littafi ya tsaya masa a kan 800. Wanda ya buga 2,000 zai kashe miliyan ɗaya, kowane littafi ya tsaya a kan 500. Idan farashin kasuwa Naira 1,000 ne, mai shago kuma ya cire kashi 30 cikin 100, abin da zai dawo hannun marubuci 700 ne. Mai kwafi 500 ya faɗi da Naira 100 a kan kowane littafi ko da ya sayar da su duka ta hannun mai shago. Mai kwafi 2,000 yana da ribar 200 a kowane ɗaya, amma sai ya sayar da fiye da 1,400 kafin uwar kuɗinsa ta dawo. Ba a sa kuɗin mota daga Kano ba a wannan lissafi, ba a sa kwafin da za a bayar kyauta ba, ba a kuma sa waɗanda damina ko gara za su ci a ɗaki ba.

Wannan lissafi ne ya haifar da al'adar raba labari kashi-kashi, na ɗaya da na biyu da na uku. Ƙaramin littafi a kan takarda mai araha ba ya buƙatar babban jari, cinikin na ɗaya shi ke buga na biyu, kuma idan na ɗaya bai karɓu ba asarar ba ta da yawa. Dabarar talaka ce mai kyau, ko da yake wasu sun mayar da ita hanyar jan labari har ya tsinke. Takarda kuwa ita ce ke cinye mafi yawan kuɗin, kuma daga waje ake shigo da yawancinta tun bayan durƙushewar masana'antun Jebba da Iwopin da Oku-Iboku, don haka duk lokacin da Naira ta faɗi, kamar yadda ta yi bayan Yunin 2023, farashin bugu yakan tashi tare da ita. Ga wanda yake son kwafi 50 ko 100 don gwaji ko ƙaddamarwa, injinan bugu na zamani da ba sa buƙatar faranti sun fi dacewa, duk da cewa kowane kwafi ya fi tsada.

Kafin a kai aiki maɗaba'a a nemi lambar ISBN, mai alƙaluma 13, wadda Ɗakin Karatu na Ƙasa ke bayarwa a Najeriya. Da yawa daga littattafan kasuwa ba su da ita, wasu ma ba su da shekarar bugu, shi ya sa manazarta ke shan wahala wajen gano lokacin da suka fito. Dokar Ɗakin Karatun ta 1970 ta kuma wajabta wa mai buga littafi na kashin kansa ya ajiye kwafi uku a can. Wanda ya karɓi lambar daga hannun maɗaba'a ko wani kamfani ya sani cewa da sunan wancan kamfanin za a rubuta littafin a matsayin wanda ya wallafa.

Wa ya mallaki labarin?

A nan ne rashin dillali ya fi ciwo. Shekaru da dama al'adar kasuwa ita ce marubucin da ba shi da jari ya kai daftarinsa ga mai shagon littattafai, a ba shi kuɗi dunƙule sau ɗaya, a rabu. Mai shago ya buga, ya sake bugawa, ya kuma sake bugawa, marubuci yana ganin littafinsa a hannun mutane ba tare da sisi ya sake shigowa ba. Sau da yawa ba a rubuta komai ba, don haka babu wanda zai iya cewa bugu ɗaya aka sayar ko kuwa labarin ne baki ɗaya.

Dokar Haƙƙin Mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a Maris na 2023, tana tare da marubuci a wannan gaɓa. Haƙƙin mallaka yana tabbata ne da zarar an rubuta labarin, ba sai an yi rajista ba, kuma yana ɗorewa tsawon ran marubuci da ƙarin shekara 70 bayan rasuwarsa, wato gado ne da 'ya'ya da jikoki za su ci. Sayar da haƙƙin gaba ɗaya, ko ba wa mutum ɗaya izinin da ya keɓanta da shi, ba ya inganta a doka sai an yi shi a rubuce. Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Najeriya tana da tsarin rajista ta intanet, wanda ba wajibi ba ne, amma yana zama hujja ranar da aka yi jayayya kan wanda ya riga wani.

Takardar yarjejeniya ba sai ta yi tsawo ba, kuma babu abin da ya hana a rubuta ta da Hausa. Ta faɗi kwafi nawa aka yarda a buga, na tsawon shekara nawa, nawa ne kason marubuci kuma yaushe za a riƙa biya, sannan ta faɗi ƙarara cewa duk abin da ba a ambata ba yana hannun marubuci. Wannan jimla ta ƙarshe ita ce mai tsada. Littafi ɗaya haƙƙoƙi da yawa ne a cikinsa: na bugu a takarda, na sayarwa a waya, na karantawa a rediyo ko YouTube, na fassara, na fim. In Da So Da Ƙauna da Alhaki Kwikwiyo Ne duk sun zama finafinai, kuma masana'antar Kannywood tun farkonta daga littattafai ta ɗebi labarai da ma marubuta. Wanda ya sayar da komai a kan kuɗin bugu ɗaya ya sayar da akuya ne da cikinta. Shaidu biyu su sa hannu, kowane ɓangare ya riƙe kwafinsa. Idan kuɗin yana da kauri, abin da lauya zai karɓa don ya duba shafi biyu bai kai la'adar dillali ba.

Kasuwar da ta koma cikin waya

Gaskiyar magana ita ce yawancin sababbin labaran soyayya na Hausa a yau ba sa ganin maɗaba'a. A WhatsApp da Telegram da Facebook da Wattpad suke fitowa, da manhajoji irin su ArewaBooks. Tsarin ya yi kama da na kashi-kashi na da: marubuciya ta saki shafukan farko kyauta, idan labari ya kama mutane ta ce ci gaban na kuɗi ne, a tura ta banki, a sa mai biya a rukuni na musamman. Ga wadda take zaune a Gashuwa, wannan ya share nisan da ke tsakaninta da Kano. Ba takarda, ba kuɗin mota, ba mai shago, kuma mai karatu a Damagaram ko Kumasi ko Jidda daidai yake da na bayan gida.

Rauninsa kuwa a fili yake. Mutum ɗaya ya biya, ya kwafe, ya watsa a rukunoni goma kafin gari ya waye. Wasu su tattara labarin su ɗora a shafukansu suna cin kuɗin talla, wasu su karanta shi a YouTube ba izini. Babu maganin da zai kashe wannan cuta gaba ɗaya, sai dai a rage ta: sakin labari kaɗan-kaɗan, sanya suna da gargaɗin haƙƙin mallaka a cikin kowane kashi, da kai ƙara ga su kamfanonin, domin YouTube da Facebook suna da hanyar sauke abin da aka sata idan mai shi ya nema. Sabuwar dokar ma ta tanadi hanyar neman a sauke irin wannan daga intanet. Sannan kada a dogara da dandali ɗaya. OkadaBooks, wanda Okechukwu Ofili ya kafa a 2013 kuma marubutan Hausa da dama suka sayar da littattafai a kansa, ya rufe a Nuwamban 2023. Wanda bai ajiye kwafin aikinsa da lambobin masu karatunsa a wani wuri ba, da rufewar dandali yake rasa duka biyun.

Wayar tana da wata illa da ba a cika faɗa ba. Labarin da ake rubutawa yau a saki gobe ba ya samun gyara, kuma masu karatu na matsa wa marubuciya ta juya shi yadda suke so. Idan za a mayar da shi littafi daga baya, sai an zauna an sake ginin, ba kwafewa kawai ba. Amfaninta shi ne tana nuna adadin waɗanda suka yarda su biya, kuma wannan adadi, ba yawan masu yabo ba, shi ya kamata ya yanke kwafi nawa za a buga.

Wanda zai kai littafinsa Kano ya kuma san tarihin wurin. An kafa Hukumar Tace Finafinai ta jihar a 2001, aikinta ya shafi ɗab'i ma. A 2007 an ƙona littattafan soyayya a bainar jama'a ƙarƙashin shirin A Daidaita Sahu, bisa zargin suna ɓata tarbiyya, a 2008 kuma hukumar ta nemi marubuta su yi rajista, abin da ya jawo taƙaddama da ƙungiyoyinsu. Dokar Kano ba ta mulkin Yobe, amma tana mulkin maɗaba'u da shagunan da ke cikin Kano, don haka a tambayi ƙa'idar da ke aiki a lokacin kafin a biya kuɗin bugu. Zargin ɓata tarbiyya bai yi wa yawancin littattafan adalci ba, domin auren dole da kishi da saki da karatun 'ya mace su ne jigoginsu tun daga Wa Zai Auri Jahila? na Balaraba Ramat. Sai dai masu sayar da batsa a rukunonin waya a yau suna ba masu zargin hujja a ɓagas.

Gasa ma ƙofa ce da ba ta buƙatar dillali, kamar yadda ta kasance tun 1933. Hikayata ta Sashen Hausa na BBC, wadda aka fara a 2016 domin mata, gajeren labari take karɓa, ba cikakken littafi ba, amma ta fito da sunayen da ba a san su ba a da. Ƙungiyar Marubuta ta Najeriya, wadda Chinua Achebe ya jagoranci kafawa a 1981, tana da rassa a jihohi, kuma a zaman karatu irin nata ake haɗuwa da editoci da masu zanen bango.

Saura rarraba kaya. Jirgin ƙasa ya haɗa Nguru da Kano tun 1930, a yau kuma motocin haya da ke bi ta Haɗejiya su ke ɗauko kwalaye, direba ya sauke a tasha a kira mai kaya. Abin da ya fi dacewa shi ne a raba bugun tun daga maɗaba'a: kaso ɗaya ya tsaya a Kano wurin masu sari a Sabon Gari da Kurmi, saura ya taho gida don shagunan Nguru da Gashuwa da Potiskum da Damaturu, da kuma waɗanda suka biya tun kafin bugu, waɗanda a kansu ne kawai marubuci ke karɓar cikakken farashi ba tare da kason mai shago ba. Masu shaguna galibi ba sa biya nan take, sai sun sayar. Don haka kowane kwali da ya fita a rubuta shi a littafin lissafi, da adadi da farashi da ranar da za a zo karɓar kuɗi ko ragowar kaya, mai shago ya sa hannu a gefe. Kada a ba shago ɗaya fiye da kwafi 20 ko 30 a karon farko, kuma ba a ƙara masa wasu sai ya biya na baya.